Tuwon da Mas'udu Ya Ƙi Ci a Sheme

A ƙofar shagonsa na hatsi a Kankara Alhaji Mani ya gindaya wa Mas'udu sharaɗi.

"Gobe ka kai mu Sabuwa, ni da ɗiyata, mu gaido tsohuwata. Ni ban ba direba ɗiya, kowa ya sani. Amma zan zauna kusa da kai wuni guda in dube ka. In na ga abin da bai yi mani ba, ka manta hanyar gidana. In ban gani ba, turo magabatanka."

"Na yarda, Alhaji."

Wata bakwai ke nan da Mas'udu ya fara ganin Barakatu, ranar da ya kawo wa ubanta masara ta miƙo masa ruwa, ya sha ya rasa bakin godiya. Ita ma ta kamu. Sai dai Alhaji ya fi karkata ga Nasir mai shagon waya. Direba kuwa, in ji shi, kowace tasha da macen da ke jiransa.

Da hantsi suka tashi, Alhaji a gaba, Barakatu a baya. Hanyar nan ba a wasa da ita saboda 'yan bindiga, kowa so yake la'asar ta same shi a cikin gari. A Yargoje Alhaji ya sa aka sauke wa wani amininsa buhun iri, gaisuwa ta ci rabin awa. Mas'udu na ta satar kallon rana.

A Sheme suka yi azahar. Barakatu ta shiga sayen daddawa da man zafi na kakarta, Mas'udu na biye da leda, taku uku tsakaninsu.

"Sanyin idona, ya kika ga fuskar Baba?"

"Yi shiru, yana kallonmu."

Suna shiga rumfar tuwo, wata murya ta fito daga bayan zana:

"Mas'uduna! Kwana tara ban gan ka ba!"

Alhaji ya gyara zaman hula a hankali. Wayar Mas'udu ta motsa a aljihu, saƙon Barakatu ne.

"Mas'udunta? Sannu. Wace ce?"

Kafin ya rubuta amsa, an dire tuwon masara miyar kuka da man shanu, kwano ɗaya. Alhaji ya nannaɗe hannun riga.

"Malam direba, matso mu ci."

Tun shayin safe Mas'udu bai sa komai a ciki ba. Waya ta sake motsi.

"Ka ci don Allah. Baba ba ya son musu."

To, a wurinmu mai neman aure ba ya haɗa kwano da uban yarinya, ko ruwa zai sha sai ya juya baya. In Mas'udu ya ci, ya amsa cewa shi direba ne kawai. In ya ƙi, ya yi wa Alhaji gardama a gaban jama'a. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Alhaji, ka gafarce ni. Hannuna ba zai shiga kwanonka ba."

"Raini ne?"

"Kunya ce."

"Kunyar mi? Wa ya ce maka ni surukinka ne?"

"Ba wanda ya ce. Amma tun ranar da na sa rai, nan na ajiye ka, kuma ban iya sauke ka saboda yunwa."

Masu cin abinci suka tsaya da loma a hannu. Alhaji ya zuba masa ido, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Sai ga mai muryar ta fito da ludayi: Ummu Salma mai tuwo, tsohuwa da furfura har gira. Ta ƙare wa Barakatu kallo ta tafa hannu.

"Au, wannan ce Barakatun? Yarinya, ki ji tsoron Allah! Wata bakwai yaron nan na cika mani kunne da sunanki, tuwo na hucewa gabanshi."

Barakatu ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Alhaji ya ci tuwonsa shi kaɗai, ya wanke hannu, sannan ya yi magana kamar da kansa yake.

"Nasir ya zauna tabarmata ya cinye mani kaza har ƙashi, yana ba ni labarin ƙwallo." Ya miƙe. "Hajiya, zuba mashi nashi. Ya je bayan mota ya ci inda ban ganin shi. Ku yi sauri, rana na tafiya."

Mas'udu na tsugune bayan mota yana kai loma, saƙo ya shigo.

"Ci a hankali, angona. Na yafe maka Mas'udunta."

Suka wuce Faskari ba tsayawa, suka shiga Sabuwa ladan na gyara muryar kiran la'asar. Da tsohuwa ta tambayi wane ne baƙon, Alhaji ya ce, "Jikanki ne, Inna. Sa mashi albarka."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a Kankara. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin.

Mas'udu ya samu mata, Alhaji ya samu surukin da ke durƙusa masa har yau. Nasir ya tashi da kaza guda. Wadda ta yi asara ta gaske ita ce Ummu Salma, don tun da aka kai amarya Mas'udu da kwanon gida yake bin hanya, gaisuwa kawai yake tsayawa yi mata.