Gashi a Tsagar Bango

"Malam, ina son in tahi gida."

Munkaila ya ɗago daga igiyar da yake tufkawa ya dubi matarsa. Zalika na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, jaririnsu goye a bayanta, ta ja kallabi har ya kusa rufe mata gira.

"Garinku Bazaga? Innarki ce ba lahiya?"

"Kowa lahiya lau. Ni dai nike son tahiya."

"Sai yaushe za ki komo?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Sai yadda Allah ya yi..."

Mace ba ta cewa haka sai in ba ta da niyyar dawowa.

"Zalika, hasken idona, mi na yi miki? In laihi ne ki hwaɗa min, wallahi in ba ki haƙuri gaban kowa!"

"Ba ka yi min komi ba. Gobe kasuwa, in motar Ƙonni ta zo ka sa ni ciki, shi ke nan."

Ta juya ta shige. Daga gindin murhu mahaifiyarsa, Inna A'i, ta ce, "Ƙyale ta ta tahi. Yarinyar da ke kwana da kallabi kamar mai takaba, wa ya san abin da ke ranta?"

Munkaila ba mutum ne mai yawan magana ba, in abu ya dame shi aiki yake nema. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, kowa a Badagishiri na gyaran gida da fatan Allah ya kawo damina mai albarka. Sai ya kwaɓa ƙasa ya zagaya bayan ɗakin Zalika, don bangon ya daɗe da tsagewa.

Ya sa yatsa zai share tsagar kafin ya yaɓe, sai ya ji wani abu mai laushi. Ya jawo. Gashi ne, a dunƙule.

Ya san al'adar mata, in sun taje kai sukan cusa abin da ya zuba a tsagar bango, kada ya faɗa hannun mugu. Amma wannan ya wuce na mataji. Ya bi tsagar daga sama har ƙasa, duk inda ya taɓa gashi ne. Wani ma da guntun baƙin zare a jikinsa.

Ko hannu bai wanke ba. Ya ƙulle gashin a bakin rigarsa ya nufi gidan Tabawa, ƙanwar kakarsa, wadda rabin matan garin a gabanta suke durƙusawa kitso.

"A'a, angona! Yau ka tuna da tsohuwar matarka? Ko amaryar ta kore ka?"

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kwance bakin rigar.

"Kaka, dibi. Sammu aka yi wa Zalika?"

Tabawa ta kalli gashin, ta kalle shi, ta tofar da goron bakinta.

"Awo, sammu ne. Kuma na san wanda ya yi shi. Ga shi nan gabana da laka a hannu."

"Ni?!"

"Kai! Wa ya dawo daga Ƙonni yana ba da labarin kitson matar jandarma? Siri-siri, an ja shi da zare, goshi na ƙyalli! Ba kai ba ne?"

Munkaila ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Shi ne. Ya kai albasa Ƙonni ya ga matar ɗan sandan, ya dawo yana yabon kitson. Washegari Zalika ta yi irinsa, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa don murna. Tun daga ranar, duk mako sai ya ce, "Ba za a sabunta min ba?"

"Mai jego, ɗan nan," in ji Tabawa, "ko ba a taɓa kanta ba gashinta zuba yake, daga baya ya komo. Balle wadda ta haihu cikin yunwa, jini bai ishe ta ba. Saiwar ta yi rauni, kai kuma ka sa ana ja kamar ana cirar gujiya! Na ce mata ta bari kai ya huta. Na rantse ba ni ƙara yi mata. Sai ta koma wurin Ladi mai kitso, ita kuwa Ladi hannunta kamar na mai ɗaurin buhu."

"To don mi ba ta hwaɗa min ba?"

"Ta ce tun kuna zance ba ka taɓa yabon komi nata ba sai gashi. Ta ce ranar da ka ga kanta, ranar za ka daina kallonta. Gara ta tahi kana tuna ta da kyaunta."

Ya zauna daɓas a ƙasa.

Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Yadda take kwanciya rub-da-ciki ranar sabon kitso, don ƙeyarta ba ta iya taɓa matashi. Ƙananan ƙurajen da ya gani a goshinta. Ranar da ta ce kanta na sarawa, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai ado sai da wuya. Da bakinsa ya faɗa! Ga kuma tuwon da take turo masa tana cewa ta ƙoshi, shi yana cinyewa har da suɗe kwano.

"Kaka... zai komo?"

"Na tsakiya zai komo in Allah ya so. A tsehe, a bar shi sake, kitso sai manya guda biyu marasa ja. Man shanu da yamma, a murza a hankali. Ta ci wake, ta ci zogale, ranar kasuwa ka samo mata hanta. Amma na gehen goshi..." Ta girgiza kai. "Inda saiwa ta mutu ba ni yi maka alkawari. In ƙurajen sun ƙi, ka kai ta wurin likita."

Ya miƙe zai tafi.

"Angona," ta kira shi, wannan karon ba wasa a muryarta. "Ba mugunta ka yi ba. Amma wanda bai iya so ba, ya kan yi ɓarnar da maƙiyi bai yi."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga ɗakin. Jariri na barci, Zalika na ɗaure ƴan kayanta a zane. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Subhanallahi! Malam, tashi!"

"Na je wurin Kaka Tabawa."

Hannunta ya tsaya cak. Sai hawaye.

"Ta tona min asiri..."

"Nawa ta tona. Zalika, ni na yi miki wanga abu. Kina cewa ciwo ina dariya. Kina ba ni abincinki ina ci. Ni ko wane irin miji ne?"

"Kar ka ce haka! Ni na so in burge ka."

"Cire kallabin."

"A'a! Don Allah, Malam, a'a..."

"In kin tahi ban gani ba, har in mutu ba ni yahe wa kaina. Bari in ga abin da na yi."

Ta daɗe tana kuka kafin ta kai hannu. Kallabin ya sauka a cinyarta.

Gefen goshinta duka biyu fes, fata na sheƙi, ga jajayen ƙuraje. Ƴan kitson da suka rage sun yi nisa da juna kamar shukar da fari ya ci, zare ne kawai ke riƙe da su. Ta rufe ido tana jiran ta ji ya fita.

Sai ta ji tafin hannunsa a kanta.

"Wayyo, abar ƙaunata... duk wannan ke kaɗai?"

Ya zari tsinke daga tsintsiya, ya zauna a bayanta ya fara kwance zaren.

"Malam, mi kake yi? Namiji da tsiha? In aka gani fa?"

"A gani."

Aka kuwa gani. Inna A'i ta ɗaga labule, baki buɗe.

"Lalle duniya ta zo ƙarshe! Ɗan da na haifa ne ya koma mai kitso?"

Sai idonta ya sauka a kan surukarta. Ta saki labulen, jim kaɗan ta dawo da ɗan ƙoƙon man shanun da take ɓoyo tun kafin fari, ta ajiye kusa da ƙafar ɗanta.

"Da yatsa ake murzawa, ba da ƙarfi ba, sakarai," ta ce, ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Zalika ta yi magana can ƙasa-ƙasa.

"In bai komo ba fa?"

"To bai komo ba. Ni dai ki bar ni in riƙa shafa man nan har mu tsufa. Ki yahe min, Zalika. Kar ki shiga motar nan."

Ya ci gaba da tsifar da manyan yatsunsa na manomi, yana yi yana sharɓe hawaye. Can tsinken ya kama wani ƙulli, ya ja ba da niyya ba.

"Wash! Malam, da zahi!"

Ya tsaya cak. "Da zahi?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ki riƙa hwaɗa min. Don girman Allah, komi ƙanƙantarsa, ki riƙa hwaɗa min."

Ta jingina bayanta da gwiwarsa, ta sa ƙafa ta ture ƙullin kayan gefe.

"To sassauta hannu," ta ce. "Akwai sauran aiki a ƙeya."