Kawuna a Gwangwanin Madara

Kowace safiyar Juma'a, kafin Umar Faruq ya yi wankan masallaci, sai ya buɗe kabad ɗin gilashi da ke falonsu na Al Wakrah, kusa da Doha, ya fito da jarumansa. Mutum-mutumi ne na roba, tsawon kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba, wani da takobi, wani da sulke, wani da fukafukai. Ɗaya bayan ɗaya yake goge su da ɗan burushi mai laushi. Matarsa Sahadatu takan tsaya bakin kicin tana kallo. Ta lura akwai wani tsohon soja da fentinsa ya koɗe, wanda kullum shi yake gogewa a ƙarshe, kuma a kansa ya fi daɗewa. Shekararta biyu a gidan, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Kunya ce ta yi mata yawa.

Bayan ta yi ɓari na biyu ne mahaifiyarsa, Umma, ta zo daga Zariya don ta kula da ita. Ranar da ta sauka, ko jaka ba ta ajiye ba idonta ya faɗa kan kabad ɗin.

"Auta, mene ne wannan? Gumaka ka tara mini a ɗaki?"

"Umma, ba gumaka ba ne. Hobi ne kawai, abin sha'awa, manya da yawa suna tarawa a nan."

"Hobi? Gemu har ƙirji kana wasan 'yar tsana? Abokanka suna goyon 'ya'ya, kai kana goyon roba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ɗauki makullin motar kamfanin da yake tuƙawa ya fice.

Umma ba muguwa ba ce. Ita ke dama wa Sahadatu kunu, ita ke gasa mata jiki da ruwan zafi. Amma kullum ta idar da salla sai ta juya ta harari kabad ɗin. Ranar Talata, Faruq yana wurin aiki a Al Thumama, ta zaunar da Sahadatu.

"'Yar nan, ɗakin da ke da siffofi mala'iku ba sa shiga. Ciki biyu kin rasa. Ba ki taɓa tunani ba?"

"Umma, likita ta ce mahaifa ce ba ta..."

"Likita ta faɗi nata. Ni ban ce a zubar ba, tunda ransa na kai. A cire kawunan kawai. In babu kai, sun zama kamar itace, shi ke nan. Ko kin fi son robobi da ɗa?"

Wannan tambaya ita ta karya Sahadatu. Ta tuna ƙananan riguna biyu da ta ɓoye a ƙasan akwati. Ta tashi ta buɗe kabad ɗin. Sababbin ba su ba ta wuya ba, da ta murɗa sai kan ya fita. Tsohon sojan ne ya ƙi. Sai da ta ɗauko wuƙar yanka albasa ta datse wuyan. Tana juya shi ta ga rubutun ajami a tafin ƙafarsa, ƙanana, da baƙin biro. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta haɗa baƙaƙen a hankali har ta gane suna ɗaya: Shamsu. Shamsu yayan Faruq ne, wanda ya riga shi zuwa Doha, ya rasu a hatsarin mota kafin a yi aurenta da Faruq.

"Ki zuba kawunan a shara," in ji Umma daga ɗaki.

Ba ta iya ba. Ta zuba su a gwangwanin madara ta tura bayan buhun shinkafa.

Da la'asar Faruq ya dawo da ledar gurasa. Ya tsaya gaban kabad ɗin, ledar ta zame daga hannunsa. Bai yi ihu ba. Tsohon sojan kawai ya ɗauka yana shafa wurin yankan da babban yatsa.

"Wa ya yi?"

Umma ta buɗe baki, Sahadatu ta riga ta. "Ni ce, Yaya."

"Ke?" Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Kullum kina tsaye kina kallona ina goge shi. Da kin tambaye ni, Sahadatu. Sau ɗaya."

Daga ranar ya daina cin abincinta. A unguwar Najma yake ci wurin abokai, ya dawo ya gaida Umma ya kwanta a falo. Sahadatu ta ci gaba da girkawa tana rufewa, tana goge masa kayan aiki tana ratayewa. Ba ta taɓa cewa Umma ce ta sa ta ba, don ba ta son ta shiga tsakanin ɗa da uwa. Kukanta a banɗaki take yi, ta kunna famfo kada a ji.

Bayan kwana tara ya ce mata, ba tare da ya kalle ta ba, "Jibi Umma za ta koma. Ki shirya ki bi ta, ki huta a gida."

"Har yaushe, Yaya?"

"Ban sani ba. Khalas, shi ke nan, kada mu ja maganar."

Washegari da hantsi suna haɗa kaya, Umma ta ce, "A kan roba zai kore ki? Bari ya dawo." Sahadatu ta miƙe. Ta je ta ɗauko sojan, ta durƙusa, ta miƙa mata ƙafarsa.

"Umma, ki karanta mini. Ni suna kawai na gane."

Umma ta sa tabarau ta matsa jikin taga. Leɓenta ya motsa. "Auta, wannan ba ya fashewa. Sai ka zo. Shamsu." Ta sake karantawa. Sai ta zauna a ƙasa.

"Hannunsa ne. Haka yake jan wutsiyar harafin shinun tun yana allo." Hawaye suka zubo mata. "Suna yara yakan gina wa Auta sojoji da laka a bayan ɗaki, ni kuma in bi in farfashe. Auta ya yi ta kuka, shi ya ce masa, bari in girma in saya maka wanda ba ya fashewa. Ashe ya cika alkawari. Ashe ni ce na sake fasawa."

Da Faruq ya dawo ya same su a haka. Umma ta kama hannunsa.

"Ni na sa ta. Yarinyar nan ta ɗauki laifina kwana goma ba ta buɗe baki ba. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya durƙusa. "A kasuwar gwanjo ta Najma ya saya, ya aiko mini wata biyu kafin rasuwarsa. Na zo ban same shi ba, Umma. Duk wanda na ƙara saya, ji nake kamar tare muka je. In na faɗa, za a ce ban yi tawakkali ba."

Sahadatu ta shiga kicin ta dawo da gwangwanin madara, ta ajiye a gabansa. Ya buɗe. Kawunan suna ciki, kowanne ta naɗe shi da tishu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dube ta, idonsa jawur.

"Ki kwance kayanki," ya ce a hankali. "Ki yafe mini. Akwai sauran abinci?"

Sababbin duk kawunansu sun koma, ya mayar da su cikin kwalayensu ya rufe don hankalin Umma ya kwanta. Na sojan kuwa ya yanku, ba ya komawa. Ranar tafiya, bayan sun kai Umma ta ga kabarin ɗanta Shamsu karo na farko, ta tsaya jikin mota tana murza bakin mayafi.

"Auta, tunda ba shi da kai, ai babu laifi in ajiye shi a ɗakina, ko?"

Ya sa mata shi a hannu. Ta ƙulle shi a gefen mayafinta, kan kuma ya zauna a wurin Faruq.

Haihuwa har yau suna jiran ta daga Allah, tare suke zuwa asibiti, tare suke addu'a. Abin da Sahadatu ta koya shi ne, duk abin da ka ga masoyinka yana riritawa, ka tambaye shi labarinsa kafin ka sa masa hannu. Shirunsu su uku ne ya yanke wuyan sojan nan, haƙurinta kuma ya hana wuƙar kaiwa ga aurenta.