Burtalin Giwayen Teku

Da hantsi na'urar da ake ce wa Makiyayiya ta fara kira. Sautinta ba ya isa kunnen ɗan Adam, sai dai Injiniya Tasalla ta gan shi a allon ɗakin lura: shuɗin layi yana tafiya daga wannan hasumiya zuwa waccan a ƙarƙashin ruwa. Can nesa da Sabuwar Gaɓa, birnin da aka gina bisa teku, garken giwayen teku ya karkata yamma ya bi layin, ya bar wa jiragen kaya hanyarsu.

Giwar teku a ido kifi ce, amma iska take shaƙa, nono take ba ɗanta, kuma ta fi tirela girma. Duk shekara sukan taso daga ruwan sanyi na kudu su zo haihuwa a ruwan ɗumi. Jiragen zamani kuwa ba matuƙi, ba ƙara, sai gudu. Kafin uwa ta ankara an tsaga mata baya. Lokacin da Tasalla ta kama aiki, garken ya kusa ƙarewa.

Ita jikar makiyaya ce, don haka ba ta je nesa neman dabara ba. A tudu akan bar wa shanu burtali tsakanin gonaki, makiyayi ya shige gaba yana kira, su bi shi. Ta naɗi muryar tsohuwar da ke jan garken, wadda ma'aikata suka laƙaba wa Gwaggo, ta zuba a na'ura, ta shimfiɗa burtali cikin ruwa nesa da jirage. Shekara da shekaru ba a sake buge ko ɗaya ba, 'ya'ya suka yawaita. Da Gwaggo ta mutu ma ba a wani damu ba, ai ga muryarta nan a ajiye. Tasalla ta ji kanta ya ɗan kumbura, kuma wa zai ga laifinta?

Ranar nan ce aka tsayar za a kashe na'urar a canja wayoyin da gishiri ya cinye. Alhaji Jatau, shugaban tashar jiragen ruwa, ya shigo ya tsaya bayanta.

"Injiniya, babu wata matsala dai ko?"

"Haba, ranka ya daɗe. Hanyar da suke bi tun suna shan nono? Ko ido rufe za su wuce."

Ta danna maɓallin, shuɗin layin ya ɓace. Garken ya ɗan ci gaba, sannan ya tsaya cak. Igiyar ruwa ta fara tura su gabas a hankali, wajen hanyar jirage, 'ya'yan na manne da iyayensu.

Tasalla ta buɗe na'urorin saurare, tana jiran wata babba a garken ta ɗauki kira. Shiru. Ta ƙara murya, ba komai sai motsin ruwa. Nan ta gane. Ɗan giwar teku a bakin uwarsa yake koyon kiran hanya. Tun da na'ura ta fi kowa murya, kuma ba ta taɓa kuskure, iyaye suka bar mata aikin. Waɗanda suke iyaye yau kuwa, a hannun na'urar suka tashi.

"Alhaji, a tsayar da jirage. Duka."

Bai yi musu ba, ya ba da umarni. Manyan jirage suka yi cirko-cirko a kan hanyarsu, garken na shawagi kusa da su kamar baƙin da aka sauke a tashar da ba su sani ba.

"To yau mun tsayar," in ji shi a hankali. "Ranar da na'urar ta lalace babu ni babu ke fa?"



Da la'asar aka gama gyara. Ta kunna Makiyayiya, nan take garken ya juya ya kama hanya, ma'aikata suka ɗau tafi. Ita ba ta tafa ba. Ta sa yatsa ta rage muryar kaɗan, ta ƙara ragewa, ko Allah zai sa wata uwa ta cike gurbin. Garken ya fara sassauta tafiya. Wani ɗan ƙarami ya bar gefen uwarsa ya nufi hasumiya mafi kusa, ya tsaya yana jira.

Tasalla ta mayar da muryar yadda take, ta gyara zama a kujerar.