Tayar da Ɓarawo Bai Taɓa Ba

Kwaɗayi laifi ne, amma akwai wanda ya fi shi muni: mutum ya ga ɓarnarsa tana neman cin rai a gabansa, ya kama bakinsa don gudun kunya. Sakamakon wannan laifi za ku ji.

A shekarun farin nan da jar dawar agaji ta zama abincin kowa, akwai wani kwamitin taimako a Zinder mai mota guda tak, tsohuwar Landiroba. Ita ke kai dawa ƙauyukan da rairayi ya hana manyan motoci shiga, ta komo da marasa lafiya. Wata Laraba da sassafe aka same ta a harabar magaza, ma'ajiyar dawar, a ɗore kan tubala, ƙafafu uku babu. Ta huɗu kaɗai ta rage, ta baya hannun hagu.

Jandarma Alkasum na isowa ya tarar da wani baƙauye a ƙofa, ƙura har gira. Sunansa Sani, daga wani ƙauye bayan Hamdara.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata Wasila ce ke naƙuda tun jiya. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti, shi ne na zo neman motar nan. Ga mijinta nan."

Ya nuna Musa, mai kula da magazar. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta tafi gidan iyayenta. Musa na zaune kan buhu, ya haɗa kai da gwiwa, duk wanda ya wuce sai ya ce masa sannu.

Alkasum ya aika a zagaya gari neman aron ƙafafu ko wata mota mai shiga rairayi. Aka dawo hannu biyu: masu irinta duk sun yi daji da dawa. Ba abin da ya rage sai a nemo ɓarawon, kuma a nemo shi yau.

Ya tsuguna wajen tayar da ta rage. Kowace ƙafa tana da noti ɗaya na maganin ɓarayi, wanda ba ya kwancewa sai da nasa kile, wato sifanarsa ta musamman. Kilen na cikin akwatin motar, kowa a gidan ya sani, ga shi nan ma an yar a ƙasa. Amma tayar nan sabuwa ce fil, ƙurar da ke kan notocinta ko yatsa bai taɓa ta ba. A bakin ƙofa kuma ga sawun jaki.

Ya fara da Lawali maigadi.

"Ina kake aka yi wannan?"

"Ina nan, Shef."

"Baba, dubi furfurarka, ka sake faɗa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na tafi layin famfo kafin asalatu. Wanda bai sa tulunsa da wuri ba, gidansa ba a sha. Kullum haka nake yi. Allah ya gani, ni na jawo."

"Wa ya san kana fita?"

"Duk na gidan nan."

Masu layin famfo suka shaide shi, har da matar da suka yi cacar baki kan wuri. Alkasum ya sallame shi, ya kira Dodo direba, ya miƙa masa kilen.

"Cire min wannan, zan kai ta ofis shaida."

Dodo ya kwance sauran notocin ba wahala. Da ya zo kan na maganin ɓarayin, ya ɗora kile ya murɗa. Ya juya. Ya sake murɗawa, ya juya. Ya yi ta juyi, noti bai matso ko kaɗan ba. Gumi ya karyo masa.

"Kai! Wannan wane irin iskanci ne? Shef, da kusar da yake ɗaure a kanta yake juyawa gaba ɗaya!"

"Ba ka sani ba?"

"Da na sani zan shiga daji da ita? In ta yi faci a rairayi, sai dai ungulu su kawo muku labarinmu!"

Alkasum ya dubi idonsa, ya ga tsoro ne na gaske. "Wa ya ɗaura tayar?"

"Illa makaniki, makon jiya."

Aka je garaji aka zo da Illa. Yana hango wace taya ce, kafaɗunsa suka zube.

"Shef, ba sai ka tambaya ba. Ni na ɓata ta. Notin ya cije, na zura bututu a kile na taka da ƙafa. Sai na ji ƙas. Gindin kusar ya sake daga mazauninsa a ciki, ba ta ɗauruwa, ba ta kwancewa."

"Ka bar bayin Allah suna yawo da ita a daji, ba ka faɗa wa direba ba?"

"Kunya ta hana ni. Na ce in na samo wata kusar in gyara a ɓoye."

Dodo ya yi kansa. "To ga ɓarawonku nan! Wa ya san ba ta fita in ba shi ba?"

Alkasum ya tare shi da hannu. "Illa, za ka iya cire ta?"

"Zan iya."

Illa ya zuba wa notin kananzir. Ya ɗauko dogon ƙarfe ya cusa tsakanin taya da gangar birki, ya ce wa Dodo, "Danna nan da duk nauyinka, kada ka sassauta." Tayar ta turo notin waje, kan kusar ya damƙe mazauninsa daga ciki, ya daina juyawa. Illa ya ɗora kile, ya buga masa guduma, ya ja a hankali. Notin ya yi ƙara, ya motsa. Kafin a shanye kofin shayi taya na ƙasa.

Rana ta riga ta take tsaka. Sani ya kasa zama, yana ta kai da komo a ƙofa yana salati. Musa bai ɗaga kai ba.

Alkasum ya ce, "Illa, ba kai ba ne. Wa ka faɗa wa zancen kusar nan?"

Illa ya saci kallon buhunan da Musa ke zaune a kai.

"Mace na can tsakanin rai da mutuwa. Wa ka faɗa wa?"

"Mutum ɗaya ne. Na roƙe shi ya duba min tsohuwar kusa cikin tarkacen magaza. Ya ce in yi shiru, zai duba."

Alkasum ya taka har gaban Musa ya tsaya.

"Malam Musa, tun safe nake kauce maka, don na ga abin da ke kanka. Wannan kuskurena ne, kuma zan amsa shi gaban Allah. Ɓarawo daga waje, sabuwar taya zai fara kamawa. Wannan ko gwadawa bai yi ba, ashe ya san ba ta fita. Lawali bai sani ba. Dodo bai sani ba, na gani da idona. Illa ya sani, amma ka ga yadda ya cire ta. Da shi ne, da ba zai bar mafi kyau ba. Saura wanda ya san ba ta fita, kuma bai iya cire ta ba. Ina ƙafafun?"

Musa ya waiga wajen Sani.

Sani ya matso. "Musa? Tun safe ina gabanka ina roƙon jama'a, kana ji?"

"Suna gidan wani maƙeri a unguwar Birni," in ji Musa, da kyar. "Amalanken ruwa yake haɗa min. Na ga masu amalanke suna samu a garin nan, na sayi jaki, ƙafafu ne suka gagara. Na ce dawa ce kawai za ta yi jiran kwana biyu. Wallahi ban san Wasila ta fara ba, wata guda ya rage mata."

Alkasum ya ce, "Da asuba ba ka sani ba. Da hantsi fa?"

"Na ce ko za a samu aro, a rufa min asiri. Na yi ta cewa yanzu zan faɗa. Yanzu zan faɗa."

Ba wanda ya zage shi. Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Aka kwaso ƙafafun daga Birni, biyu har an ɗaura su a amalanke. Maƙerin ya rantse an ce masa gwanjo ne. Illa ya mayar da duka huɗun, ta bayan da notocin da suka rage, ya shiga motar da ƙarfensa ko za a buƙace shi a hanya. Da za su tashi Musa ya riƙe ƙofar motar.

"Shef, don Allah ka bar ni in bi su."

Sani ya ɓamɓare yatsunsa daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya.

Sun isa ƙauyen bayan la'asar. Sun sami Wasila da sauran numfashi, suka kawo ta asibiti, ta rayu. Yaron kuwa namiji ne, ya zo babu rai. Ungozoma ta ce har azahar tana jin motsinsa.

Ga abin da Musa ya samu. Aiki ya tafi. Jaki da amalanke hukuma ta karɓe, bai sayar da ruwa ko garwa ɗaya ba. Ya shiga gidan kaso. Wasila da ta warke ta wuce gidan ubanta, ta aiko a karɓo mata takardarta. Ɗansa na fari kuma, wasu ne suka haƙa masa rami suka rufe shi, ubansa bai ga fuskarsa ba, bai raɗa masa suna ba. Duk wannan, kalma ɗaya da hantsi da ta tsare masa rabinsa.