Sha Ka Manta

A wani gari can da, an yi wani saurayi da yayansa ya rasu, baƙin ciki ya hana shi sakat. Rannan ya bi ta gindin tsamiya, inda wani tsoho ke shayar da samari jiƙon zaƙami.

"Zo, ɗan samari," in ji tsohon. "Sha ka manta."

Saurayi ya karɓi ludayi. Sai ya hango wani ya durƙusa gaban jaki yana cewa, "Ina kwana, Baba?"

"Wannan me ya manta?"

"Ubansa. Sha ka manta!"

"Wancan mai gudu tsirara fa?"

"Wandonsa. Sha ka manta!"

"Ni muryar Yaya kaɗai ta rage mini. Ita ma za ta tafi?"

"Ai zaƙami ba ya zaɓe," in ji tsoho.

Saurayi ya mayar da ludayi, ya koma gida, ya sauko da gurmin marigayin. Ya kaɗa, ya rera abin da ke cin ransa. Kaji suka watse.

Uwarsa ta leƙo. "Kai, akuya ake yankawa?"

"Waƙa ce, Inna."

Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo tabarma ta zauna. "Yayanka ma haka ya fara. Ɗaure tsirkiyar, ka sake."