Ƙullin Kajiji

A wani gari can da, an yi wata yarinya da uwarta ta rasu, ta bar mata ɗan ragowar turaren wuta na kajiji ƙulle a tsumma. Ba ta ƙona shi, sai dai ta shinshina ta mayar.

Wata rana kakarta makauniya tana kwance ba lafiya, ta ce, "Jikalle, ɗakin nan ya daina ƙamshin 'yata."

Yarinya ta kwance ƙulli, ta ɗaure. Ta sake kwancewa, ta sake ɗaurewa. Can dai ta ɗebo garwashi a kasko, ta juye turaren duka.

Ƙamshi ya cika ɗaki. Tsohuwa ta ja numfashi, ta ce, "Sannu da zuwa, 'yata."

Yarinya ta amsa yadda uwarta ke amsawa, "Yauwa, Inna," tana murza tsumman da babu komai cikinsa.