Sharar Ɗakin Niƙa

Bayan la'asar ɗin wata Juma'a ne, a shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonakin arewa, wata dattijuwa ta shigo cajofis na Tamale tana jan ƙafa. Sufeto Saaka da kansa ya tura mata benci. Mutum ne da ba ya gaggawar magana. Sai mai ƙara ya zazzage cikinsa tukuna yake buɗe baki.

Sunanta Mma Batulu. Ita da 'ya'yan 'yan'uwanta biyu suka haɗa hannu suka sayi gida a unguwar Sabonjida, suka kafa injin niƙa a ɗakin bakin titi. Abdul-Mutalib, ɗan wanta, shi ke kula da injin. Muniru, ɗan ƙanwarta, daga Legas ya aiko da kasonsa, sai bana da aka koro baƙi daga can ya dawo da mata da 'ya'ya ya tare a gidan.

"An kwance famfon mai na injin," ta ce. "Yanzu ko Kumasi ka je ba ka samun irinsa. Gobe da yamma dangi za su zauna. Ranar da muka sayi gidan mun yi alkawari gaban liman: wanda ya ci amanar inji ya bar gida, kasonsa ya faɗi. Kowa ya ce Muniru ne."

"Ke fa, Mma?"

"Ni na goya shi. Amma ban ce ba zai iya ba, yunwa ake yi. Ba na so mu kori mutum da zato."

Motar ofis ba mai, don haka Saaka ya tura kekensa suka tafi a ƙasa.

Kwaɗon ɗakin niƙa lafiyarsa ƙalau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. Makullai uku ne, kowane mai kaso da nasa. Injin yana nan shiru, warin man gas ya cika ɗakin. Saaka ya tsuguna ya shafa daɓe da tafin hannu. Ko ƙura bai kwaso ba.

"Kullum haka kuke share shi tas?"

"Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan," in ji Mma Batulu. "Garin da ya zube ƙasa nawa ne. Duk Juma'a in an sauko masallaci ni ke sharewa, in tankaɗe, in dama koko in raba wa kowane ɗaki. Ba wanda ke ɗaukar tsintsiya a nan sai ni. Yau na zo da tasata na tarar an riga ni."

Saaka ya leƙa kwata, ya zagaya juji a bayan gida, ya tona toka da sanda. Bai ga gari ba ko kaɗan.

Muniru yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya sa rigarsa ta Legas wadda ta fara koɗewa.

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Masallaci, Oga."

"Wa ke gefenka a sahu?"

"Mutane dai."

Saaka ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana kallon kajin da ke tonon banza. Shirun ya yi wa Muniru nauyi. Can ya waiga ya ga ba kowa, ya janye wuyan rigarsa. Kafaɗarsa ta saɓule, jajir.

"Dako nake yi a tashar mota. Ran Juma'a masu dako suna raguwa, sai in samu kaya. Don Allah kar matata ta ji. 'Yan unguwa sun riga sun sa mini suna Ɗan Agege, in suka ji wannan kuma na shiga uku."

"Ka gwammace a ce maka ɓarawo?"

Muniru ya sunkuyar da kai.

Abdul-Mutalib kuwa bai jira tambaya ba. Dogo ne mai furfura a gemu, ya tari Sufeto da hannu biyu.

"Da ba a wahalar da kai ba, Sufeto. Maganar gida ce. Na kulle da azahar na tafi masallaci, ban sake shiga ɗakin ba sai da Gwaggo ta yi kururuwa."

"Ko shara ba ka yi ba?"

"Ni da tsintsiya? Gwaggo ta yarda?" Ya yi 'yar dariya. "Ka san yaran Legas, idonsu ya buɗe da yawa. Ba na so in kama suna."

Da safe Saaka ya bi ta tasha. Shugaban masu dako ya ce ai Ɗan Agege bai bar wurin ba jiya sai la'asar, buhunan gawayi ya yi ta saukewa. Saura makulli biyu ke nan.

Da hantsi ya koma gidan. Maza sun fita. Ya gaida matan, suka amsa da "Naa", ya nemi inuwa ya zauna kamar wanda ya zo hutawa. Mata suka manta da shi, suka ci gaba da hirarsu. A bayan ɗakin Abdul-Mutalib matarsa Adijatu ta baza gari a tabarma cikin rana, tana juya shi tana mita.

"Na tankaɗe, na sake tankaɗewa, warin nan ya ƙi fita. Tuwon jiya sai da muka toshe hanci."

Saaka ya matsa, ya ɗebi kaɗan ya shinshina. Garin haɗe yake, masara da dawa da rogo, ga ɗan yaji-yajin barkono. Man gas ya bi shi ko'ina.

"Ina kika samo, Hajiya?"

"Hajiyar ina, ko Yendi ban taɓa zuwa ba," ta ce tana dariya. "Maigida ya kawo jiya da rana. Wai wani direba abokinsa ya ba shi."

Saaka ya koma inuwarsa ya jira.

Da Abdul-Mutalib ya shigo, Sufeto ya kira shi bayan ɗaki, ya aika a kira Mma Batulu. Ta ɗebi garin ta murza a yatsu, sai ta dubi ɗan wanta.

"Wane direba ne ke raba sharar inji, Malam?" Saaka ya tambaya a hankali. "Da ka kwance famfon, mai ya zuba a garin da ke ƙasa, sawunka ya fito a ciki. Ka share don ka ɓatar da sawun. Baƙon ɓarawo da ya watsar a kwata ya tafi abinsa."

Abdul-Mutalib ya zauna a ƙasa.

"Na kai shi bakin juji," ya ce. "Wallahi na kai. Hannuna ya ƙi saki. A wannan shekara, gari?"

"Famfon fa?"

"Yana cikin randa, ƙarƙashin gado. Ban yi niyyar sayarwa ba. In an sallami Muniru zan ce na fanso shi a kasuwa." Ya juya ga tsohuwar. "Gwaggo, ni na sha hayaƙin injin nan tun farko. Da abin da aka samu biyu muke rabawa, mu ajiye masa nasa in an samu hali. Yanzu uku, kuma ba mai kawo niƙa. Yarana suna kwana da ruwa."

"Nasa fa, da me suke kwana?" ta ce.

Adijatu ta fito da famfon a naɗe cikin tsohon zane, an shafe shi da mai don kar ya yi tsatsa. Ta ajiye gaban Sufeto, ta koma ɗaki ta saki labule.

Saaka bai ciro ankwa ba. Ya ce, "Mu je, Malam," ya kama kekensa. A soro suka yi kiciɓis da Muniru yana dawowa, kafaɗarsa duk baƙin gawayi. Ya dubi famfon, ya dubi yayansa, ya raɓe jikin bango ya ba su hanya.

"Yaya," ya ce.

Suna fita Saaka ya waiga. Mma Batulu ta tsuguna tana kwashe garin daga tabarma zuwa tasarta, tana kakkaɓe kowane lungu.

"Ai ya ɓaci, Mma," wata daga cikin matan ta ce.

"Zan wanke shi in shanya," ta amsa. "Ku gaya wa Adijatu ta miƙo kwanonta gobe. Ɗakinta yana cikin rabo."